Maccido Mai Famfo, Wanda Ya Hana a Kashe Mana Rijiya

Idan aka idar da sallar asuba a masallacin unguwarmu a Tambuwal, kowa na neman hanyar gida ya ɗan miƙe, Baba Maccido shi babur ɗinsa yake nufa. Tsohon babur ne, sai an tura shi yake tashi. A bayansa akwai buhun da aka yanke wa baki aka mayar da shi jaka, a ciki zarto ne, da sifana babba da ƙarama, da gwangwanin gam, da wata doguwar waya da yake naɗewa kamar gammo. Sai kuma buta. Butar ba ta alwala ba ce, ta aiki ce. Duk bututun da ya shimfiɗa, ba ya yarda a rufe shi da ƙasa sai ya tsiyaya ruwa ta sama, ya zagaya ya tsuguna ta ƙasa, ya ga fitowar ruwan da idonsa. Yakan tsaya wurin mai shayi ya sha kofi ɗaya a tsaye, waya ta fara kuka, daga nan kuma sai inda ƙazanta ta kira shi. Yau Tambuwal, gobe Sanyinna, jibi ya bi hanyar Kebbe da ke karya ƙugun matashi balle na dattijo. Ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi, wando jiƙe har gwiwa, yara na toshe hanci idan ya wuce.

Fiye da shekara talatin ke nan yana wannan. A ƙarshen daminar bana ya ce bayansa ya ƙi, ba ya iya tsugunno, zai koma garinsu Fakku ya zauna kusa da 'yar gonarsa. Ba wanda ya tara mutane, ba wanda ya kafa rumfa, ko agogon bango ba a ba shi ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kuma in faɗa muku tun da wuri, da fushi nake rubutun nan. Yabon mutum na zo yi, amma ba yadda za a yi in yabi Maccido ban ɓata wa wasu rai ba, kuma wallahi ban damu ba.

Ni ne Aminullahi, ɗan Inna Atu mai rijiya. Duk wanda ya tashi a layinmu ya san rijiyar gidanmu. Mahaifina ya haƙa ta kafin a haife ni, ya rasu ya bar ta. Ruwanta garai-garai ne, ba kanwa ba gishiri, kuma ba ta ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Saboda ita ba a rufe ƙofarmu da rana. Da ruwanta ake dama kunun mai jego a layin nan, da shi ake wankan gawa. Inna ba ta da shago ba ta da garke, abin da take da shi da za ta ba jama'a ke nan, kuma da shi aka san ta. Wannan rijiya aka tashi kashewa, Maccido ne ya tsaya a gabanta.

Kafin in kai can, bari in nuna muku irin mutumin, da irin garin da ya yi wa aiki.

'Yan shekarun nan gidajen haya sun yi yawa a Tambuwal. Duk wanda ya sayar da hatsi ko shanu ya ga kuɗi sun taru, sai ya ce bene zai gina ya zuba ma'aikata da malaman makaranta. Ba laifi, Allah ya ƙara arziki. Laifin yana wurin yadda ake kashe kuɗin. Ƙofar ƙarfe sai wadda ta fi ta maƙwabci zane. Tayil sai mai ɗaukar ido. Fenti a shafa, a kankare, a sake. Sai an zo kan abin da za a binne a ƙasa, a nan ne mai gini yake tunawa kaya sun yi tsada. Kuma sun yi tsadar, ban musa ba. Abin da ya saya maka bututu uku shekarun baya, yau da ƙyar ya saya maka ɗaya, siminti da rodi kuwa kullum ka je kasuwa sabon labari za ka ji. Amma me ya sa tsadar ba ta taɓa hana kowa sayen tayil ba? Saboda tayil ana ganinsa, baƙo zai shigo ya ce masha Allah. Bututu kuwa yana ƙarƙashin ƙasa, kuma in ya fashe ba mai gidan ne zai kwana a kan warin ba.

Na'iya, mai shagon kayan famfo a bakin tasha, shi ya fi kowa sanin wannan. "Bututu iri biyu nika saidawa," in ji shi. "Akwai mai kauri, akwai wanda in ka danna da yatsa sai shi lotsa awa gwangwanin madara. Masu gini ba su son sai na biyun. Maccido kaɗai ka zowa nan shi aje bututu ƙasa shi hau kai da ƙafa. In ya lotsa shi ce, Na'iya, wanga kai shi gida ka yi indararo." Ya ce ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba mai gida ya aika da mai arha wurin aiki, Maccido ya ɗauro shi a babur ya dawo da shi shago, ya ce ba ya saka shi, in an matsa a nemi wani.

Akwai kuma wata muguwar dabara da ta zama ruwan dare. Idan bututu ya zo kwana, maimakon a sayi elbo, wato 'yar gwiwar da ke juya shi, sai a hura wuta da takardar siminti, a gasa bututun ya yi laushi, a lanƙwasa shi da hannu. An tsira da kuɗin elbo, an bar wurin ba kauri, damina biyu ya tsage a cikin bango. Sai ka ga ɗakin mutane yana tsatsafo, fenti na ɓarewa, tabarmar sallah na jiƙewa da ruwan da ba a san daga inda yake ba. An sani sarai daga inda yake. Duk birkilan da ya yi aiki da Maccido zai shaida maka bai taɓa ganin wuta a wurin aikinsa ba.

Amma shaidar da ta fi burge ni ta mata ce. Ruwaida matar wani malamin firamare ce, ta zauna haya a gida uku a garin nan kafin ta dace da wanda Maccido ya yi wa aiki. Ta ce masu gini zanen birni suke kwafowa, su liƙa wa mace ɗan kwanon wanke-wanke a kicin da bututu siriri kamar sandar rake, sai ka ce matan Tambuwal ba sa surfe, ba sa wanke gero, ba sa goge tukunya da toka da yashi. Ƙasari ya bi bututu, toka ta bi shi, yashi ya bi su, su haɗu su daskare. Wata ɗaya magudana ta toshe, ruwa ya dawo tsakar gida, mai gida ya zo yana ɗaga murya wai 'yan haya ƙazamai ne. "Shi kau Baba Maccido," in ji ta, "kafin shi aza bututu sai da yay yi sallama gidan maƙwabta yat tambayi mata ina muka wanke hatsi, da mi muka goge tukunya. Mun ɗauka wasa shikai." Abin da ya yi, ya gina musu wurin wanki a tsakar gida, ya yi ɗan rami mai murfi a bakin magudana. Yashi da toka su kwanta a ramin, ruwa ya wuce, mace ta ɗaga murfi ta kwashe da ludayi ba ta kira kowa ba. Ruwaida ta ce tun da ta shiga gidan ba ta taɓa tattare zani don ta tsallake kwata ba.

Kada ku ɗauka waliyyi nake zana muku. Maccido na da taurin kai, yana da baki, kuma in ya ce maka yana zuwa da safe ka shirya ganinsa da azahar. Ya taɓa ce wa wani attajiri a gaban leburorinsa cewa ginin da ya yi kabari ne mai fenti. Ba a yi masa dariya ba, kuma ba a sake kiransa can ba.

To, ga zancen rijiya.

Kamar shekara shida da suka wuce, Alhaji Ɗanmaliki, babban dillalin hatsi, ya sayi filin da ke bayan katangarmu. Filin ya ɗan fi namu tudu. Ya ce bene zai yi, ciki da falo sama da ƙasa, kowanne da masai na zamani. Ya ba Maccido aikin famfo. Tun ranar farko suka yi magana a kan sokawe, wato babban ramin da ƙazantar gidan duka za ta taru a ciki ta riƙa tsiyayewa cikin ƙasa. Maccido ya ce a gaba za a yi shi, bakin titi, nesa da rijiyarmu. Alhaji ya ce to.

Gini ya kai rabi, kaya suka tashi. Aiki ya tsaya, Alhaji ya sayar da shanu, aka ci gaba. A nan ne wani mai ba da shawarar banza ya raɗa masa cewa filin gaban nan shaguna biyu ne yake shirin binnewa. Ga shi kuma in ramin ya koma baya, bututun da za a saya bai kai rabin na gaba ba. Sannan aka kawo hujjar da ta fi shiga kunne: tun kaka da kakanni ƙazanta baya take, wa ya taɓa ganin salga a ƙofar gidan mutumin kirki? Gaskiya ne haka muka taso. Amma salgar iyayenmu ta gida ɗaya ce, buta ce ke shiga cikinta. Wannan kuwa iyalai ne sama da ƙasa, kowa ya ja ruwa bokiti guda ya sauka, safe da yamma, shekara da shekaru. Kuma abin da ba wanda ya so ya faɗa, bayan gidan Alhaji shi ne tsakar gidanmu. Daga inda ya nuna a haƙa zuwa bakin rijiyar Inna, katanga ce kawai da 'yan taku kaɗan.

Ga abin da ke ƙona mini rai har yau. A wancan makon dai wani ya lura cewa masai biyu a benen sun fuskanci gabas. Alhaji bai kwana ba ya sa aka fasa tayil, aka tumɓuke su, aka juya, ya sayo sabon tayil ko tari bai yi ba. Ban ce ya yi kuskure ba, ni ma a gidana haka zan yi. Amma haba jama'a! Mutumin da ya ji tsoron Allah a kan inda mai zama zai fuskanta, yaya aka yi bai ji tsoronsa a kan inda abin zai tafi ba? Haƙƙin maƙwabci ba a cikin addinin yake ba? Ko shi ma don ba a ganinsa ne, ƙarƙashin ƙasa yake?

Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina tsakar gida na ji yadda suka yi.

"Alhaji, nan ba shi yiwuwa," in ji Maccido. "Bayan katangar ga rijiyar Inna Atu ta."

"To sai mi? Filin nawa na ko nata?"

"Naka na, ranka shi daɗe. Amma ruwan da ka ƙasa bai san inda filinka yaƙ ƙare ba."

"Kai dai biyanka aka yi ka yi aiki. Ka san kuɗɗin da nik kashe kuwa? Ka san nawa siminti yanzu?"

"Na sani. A rage tayil na barandar sama, shi isa bututun."

"Ji mini mutum! Kai za ka koya mini kashe kuɗɗina? Akwai masu famfo a gari."

"Akwai, ranka shi daɗe. Ni dai ba ni haƙa shi nan."

Na ji ƙarar ƙarafa yana zuba kayansa a buhu. Aiki ne mafi girma da ya samu a wannan shekarar, ya bar shi a tsakiya.

Da a nan ya tsaya, da ya fita haƙƙinsa, ba wanda zai zarge shi. Akwai al'ada tsakanin masu aikin gini a nan: abin da ka gani a ginin mutum a can kake barinsa. Ka ga an rage siminti, ka ga an yi ha'incin rodi, ba ruwanka, ba a fitar da zancen mai gida waje. Wanda ya fitar ya kashe kasuwarsa da kansa. Maccido ya san wannan fiye da ni. Duk da haka bai tafi gida ba, ya zagayo layinmu ya yi sallama a zaure, ya ce yana son magana da Inna.

Ya tsuguna, ya gaishe ta, ya faɗa mata komai ba ɓoye-ɓoye. Ya ce in ramin nan ya tabbata, damina ɗaya ko biyu ruwanta zai canza, da farko ba za a ji wari ba, a cikin yara za a fara gani. Inna ta ce, "Maccido, mi niy yi ma Alhaji? Leburorinai ma nan suka shan ruwa." Ban taɓa ganin tsohuwar nan ta yi ƙanƙanta a idona kamar ranar ba. Ni kuwa jini ya hau mini kai, na miƙe zan fita in sami Alhaji. Maccido ya riƙe mini riga. "Malam Aminu, zamna. In ka kai mai hannu zancen rijiya ya mutu, sai zancen faɗa. Mu tai wurin mai unguwa."

Muka je. Aka kira Alhaji, ya zo da wani mai famfo da ya ɗauko daga wani gari, wanda ya rantse cewa za a zagaye ramin da bulo, ko ɗigo ba zai fita ba. Maccido ya ce ramin da ruwa ba ya fita ba sokawe ba ne, randa ce, wata nawa za ta yi ta cika? Mai unguwa ya yi ta sosa gemu yana cewa a yi haƙuri da juna. Na gane matsalarsa, Alhaji ne ya yi wa masallacinmu rufi. Amma waɗanda ban gane ba, kuma ban yafe musu da sauri ba, su ne maƙwabtanmu. Mutanen da matansu ke cika tulu a gidanmu kullum, suna zaune a wurin, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Ko mutum ɗaya bai buɗe baki ba. Tir! Aka watse ba a yanke komai ba, washegari leburori suka kafa diga.

Lokacin tsakiyar damina ne, ƙasa ta sha ruwa. Ramin na yin zurfi sai ruwa ya tsatso a gindinsa, ya kwanta. Maccido ya leƙa ya gani, ya koma wurin mai unguwa ya ce alfarma ɗaya yake roƙo: a taru a wurin bayan azahar, in bai nuna komai ba ya yi alkawarin ba zai ƙara magana ba.

Ya je fadama ya aro injin ban ruwa wurin wani manomin albasa, ya zuba mai daga aljihunsa. Mutane suka taru, wasu a bakin ramin Alhaji, wasu a tsakar gidanmu, yara a kan katanga. Ya sauka ramin ya soka kara a cikin ruwan, ya ɗaura tsumma daidai inda ruwan ya tsaya, ya ce kowa ya duba da kyau. Sannan ya zagayo ya jefa tiyo cikin rijiyarmu, ya tayar da inji. Ruwan Inna ya fara malala a layi. Tana zaune bakin ɗaki tana kallo, hawaye na zuba, don ita a rayuwarta ko rabin guga ba ta yarda a zubar.

Inji na ta ruri, ba abin da ya faru. Aka fara guna-guni. Alhaji ya ce a gaya wa mahaukacin nan ya daina ɓarnar ruwan tsohuwa. Ni kaina na ce shi ke nan, mun kunyata. Maccido bai kalli kowa ba, yana tsugune kusa da injin yana tauna goro. Har aka fara haramar la'asar, sai hayaniya ta tashi daga bakin ramin. Muka ruga. Tsumman na rataye a iska, ruwan ya sauka ya bar shi, karan a jiƙe daga tsumma zuwa ƙasa.

Mai unguwa ya dafa gwiwa ya leƙa, ya daɗe. Ya ɗago ya ce, "Ruwa guda na."

"Ranka shi daɗe," in ji Maccido, "ba mu taɓa ramin ga ba, rijiya munka ja. Hanyar da ruwan ga yab bi yat tai can, ita ƙazanta za ta bi."

A nan ne bakunan da suka mutu suka farfaɗo. Kowa salati, kowa a'uzubillahi, kowa ya tuna yana da yara. Mai unguwa ya ce a cike ramin, sokawe ya koma gaba. Alhaji ya rasa shago ɗaya, ya sayi bututun da yake gudu. Kafin ya shiga mota ya nuna Maccido da yatsa a gaban kowa ya ce, "Na cike. Amma kai, in ka ƙara taɓa sabon gini a garin ga, ba ubana ya haife ni ba."

Kuma ya cika alkawari. Bai kai ƙara ko'ina ba, majalisa kawai ya zauna. Maccido mai tona asiri ne. Maccido mai ƙara wa mutum kashe kuɗi ne. Ka ba shi aiki ya haɗa ka da maƙwabta. Magana ta bi masu kuɗin garin ɗaya bayan ɗaya, daga shekarar nan ba a sake kiransa ya shimfiɗa bututun sabon bene a Tambuwal ba. Mutumin da ya fi kowa iya aikin ya koma gyaran famfon tuƙa-tuƙa a ƙauyukan Kebbe. Amma kun san lokacin da suke tunawa da lambarsa? Ranar da bututun arha ya fashe, ranar da masai ya dawo da abin da aka ba shi, 'yan haya suka ce za su tashi. Ranar sai ka ji, a kira Maccido. Ya zo ya shiga har gwiwa cikin abin da ya hana su tun farko, ya gyara, a miƙo masa ɗan abin da aka ga dama da kan yatsu, hannu ma ba a ba shi. Wannan aikin ne ya cinye masa baya. Kaico da garin da yake haka da mutanensa.

Abin dariya, abin haushi: benen Alhaji na da burtsatse, amma sai da wuta yake aiki, wuta kuwa kun san halinta. Duk ranar da tanki ya ƙafe, 'yan hayarsa a gidanmu suke layi da jarka. Na taɓa cewa Inna a hana su, ta ce in ƙara faɗa in gani. Ruwan da mai gidansu ya so lalatawa, shi 'ya'yansu ke sha lafiya lau, kuma yawancinsu ko sunan Maccido ba su taɓa ji ba.

Baba Maccido, kai nake wa magana yanzu. Kai ne ka ajiye abincin bakinka a ƙasa saboda rijiyar da ba taka ba, a layin da ba naka ba. Ba ka haɗa dangi da mu ba, Inna ba ta da abin da za ta ba ka sai addu'a. Kai ne ka yi magana ranar da masu shan ruwan suka yi shiru. Kai ne ka ɗauki mata mutane, ka tambaye su kafin ka yi musu aiki. Namijin duniya, mai aikin da ba a gani! Yaran da aka haifa a layinmu cikin shekarun nan suna gudu suna wasa, iyayensu ba su san hanyar asibiti da gudawa da amai ba, kuma ba su san kai ne sila ba. Ni na sani, yau kuma na rubuta don a sani.

Ranar da yake ɗaure kayansa na je gidan da yake haya. Na tambaye shi ko ya yi da-na-sani. Na zaci zai ce a'a da sauri, irin yadda ake faɗa. Sai ya ce, "Malam Aminu, ba ni yi maka ƙarya. Na yi asara, ɗiyana sun ji a jikinsu, uwarsu ta yi mini faɗa ba kaɗan ba. Akwai ranar da nic ce ina ruwana da rijiyar wasu. Amma da na haƙa ramin nan, duk sadda nij ji an ɗauki yaro daga layinku an nufi asibiti, sai in ce ni na. Ba ni iya barci da wannan." Ya miƙe da ƙyar yana dafa bango, ya ce in gai da Inna.

Mun gode, Baba Maccido. Allah ya saka maka da alheri, ya warkar da bayanka, ya sa gonarka ta yi albarka, ya raya maka zuri'a. Abin da Tambuwal ta kasa biyanka, Allah ya biya ka.

Ku kuma masu gini, ku ji ni da kyau. In kuɗi ba su kai ba, ku rage ado, ku bar fenti sai baɗi, ba wanda ya taɓa mutuwa don barandarsa ba tayil. Kada ku rage daga abin da zai shiga ƙasa, don ƙasar ba taku ba ce ku kaɗai. Ku matasa masu aikin famfo, na san iyali gare ku, na san in kun ƙi wani zai karɓa. Shi ma iyali gare shi. Kafin ku nuna wa lebura inda zai kafa diga, ku leƙa ta katanga ku ga me ke can.

Ba don daɗin baki nake wannan roƙon ba. An sayar da filin da ke kudu da gidanmu, wanda ya fi na Alhaji kusa da rijiyar. An ce shi ma bene ne, na haya. Shekaranjiya tifa ta zo ta juye yashi, ƙarar ta ta da Inna daga gyangyaɗi. Ta leƙa ta gani, ta kira ni ta ce in yi maza in nemo mata Maccido. Na ce mata ya koma Fakku, ya bar aiki, ko tsugunno ba ya iyawa. Ta dube ni ta ce, "To wa za mu kira?"

Tana nan zaune a bakin rijiyar, tana jira in kawo mata suna.